Daga Dodo Zuwa Samanja: Tarihin Jarumi Mai Kayan Aro

In aka dubi Superman da idon babba, abin da za a gani shi ne ƙato baligi ya ɗora jan kamfai a kan wando, ya ɗaura mayafi a wuya, wai zai ceci duniya. Batman kuwa attajiri ne da ya duba duk halittun Allah bai ga wadda zai yi shigarta ba sai jemage. 'Yan wasan da aka biya maƙudan kuɗi suka sa waɗannan kaya sun sha faɗa da bakinsu cewa abin akwai ban dariya. Mu nan kudancin kogin Kaduna, daga Kakuri da Makera har Barnawa da Sabon Tasha, mun daɗe da mutum mai kayan aro tun kafin fim ya iso. Muna da wurin da muka ajiye shi, kuma wurin nan shi ya sa jarumin Amurka bai taɓa zama a zukatanmu yadda ya zauna a nasu ba.

Zamanin da, tsakanin labari da rubutu

Jarumin farko da Tarihin Kano ya ambata shi ne Barbushe na dutsen Dala. An ce ƙato ne baƙi, maharbi, yana kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Wannan labari ne na kaka da kakanni da aka rubuta daga baya, babu mai iya kafa masa shekara. Haka Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura. Abin lura a labarin Bayajidda, kamar yadda ake ba da shi, shi ne da gari ya waye mutane da dama suka ce su suka kashe macijin, sai da baƙon ya fito da kan macijin a gaban Daurama aka san mai aikin. Jarumtar ba ta cika ba sai da aka ga fuska aka ji suna.

Inda rubutu ya fara ƙarfi, Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Waɗannan su ne kayan jarumi na ƙasar Hausa, kuma kowannensu na da aiki: lifidi ya tare kibiya, sulke ya tare takobi. Maharbi na da warkinsa da rigar layu, ɗan tauri na da wuƙaƙensa, ɗan dambe na da zaren da yake naɗe hannu da shi. Dukkansu abu ɗaya ya haɗa su, wato kirari. Ɗan dambe ba ya shiga fili sai ya ɗaga hannu ya faɗi ko shi wane ne, na wane ne, daga wane gari. Shago bai zama Shago a ɓoye ba, sai da Ɗan Anace ya yi ta kiran sunansa har ƙasa ta ɗauka. Namijin da zai yi bajinta ya rufe fuska ya gudu kada a gane shi, Bahaushe ba shi da suna gare shi sai ɓarawo. Sarki na rufe baki da amawali, gaskiya ne, amma wannan kwarjini ne, ga algaita da tambari suna shelar wanda ke tafe.

Rufe fuska na da gidaje biyu a wannan yanki. Na farko shi ne dodo. A ƙasashen Atyap da Bajju da maƙwabtansu, waɗanda jikokinsu suka cika unguwannin Television da Narayi da Unguwar Romi a yau, akwai al'adar da suke kira Abwoi ko Abvoi, Hausawa kuma suka yi mata kuɗin goro da sunan dodo. Maza da aka shigar cikin asirin ne ke riƙe da ita. Muryar dodo takan fito ta cikin wani bututu da aka toshe bakinsa da farar yanar gizo, sai ta yi wani irin gurnani, a ce wa mata da yara kakanni ne ke magana. Dodo na yanke hukunci, yana tsawata wa mai laifi, yana kafa dokar da ba a tsallakewa. Ni dai da wuya in yarda cewa tsohuwar da ta shekara arba'in da mijinta ba ta gane tarinsa ta cikin bututu. Ta gane, ta yi shiru, domin zaman garin ya dogara ga shirun. Zuwan mishan da makarantu a ƙarni na 20 ya raunana al'adar ƙwarai.

Gida na biyu shi ne tashe, wanda ake farawa in azumi ya kai kwana 10. Yaro zai sami auduga ya liƙa a haɓa da ƙaro, ya ranƙwafa kan sanda, ya zama Tsoho da Gemu. Wani ya rataya tarkacen saiwoyi da ƙulle-ƙulle ya zama Jatau Mai Magani. Wani ya sha tsumma ya shafa toka ya zama Macukule, wasan da ke tsokanar Bagware. Gemun yakan saɓule a tsakiyar rawa, yaron ya tare shi da hannu ɗaya yana ci gaba, matan gida na dariya suna miƙo hatsi ko kwabo. Kowa ya san ɗan gidan wane ne. Wato tun fil'azal mai kayan aro a nan ko abin tsoro ne da aka yarda a yi masa shiru, ko abin dariya ne da aka yarda a biya shi.

1911 zuwa 1965: gari ya tsiro a ƙetaren kogi

Layin dogo ya ratsa Kaduna ya kai Kano a 1911, kuma babbar tashar mahaɗar jiragen ƙasa a kudancin kogi ta zauna. A 1917 Turawa suka kammala ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. Ofisoshi da gidajen manya suka zauna a arewacin kogi, kudu kuma, ƙasar ƙauyukan Gbagyi, ta zama ta leburori da ma'aikatan reluwe. Har yau akwai Kakuri Gwari da Kakuri Hausa.

Masaƙu ne suka mai da yankin birni. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, Nortex ta biyo baya a 1962, sai UNTL da Arewa Textiles a tsakiyar shekarun 1960. Masana'antar makamai ta DICON ta zo a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975. Dubban samari daga Zangon Kataf da Kagoro da Binuwai da Kano da ƙasar Yarbawa da ta Ibo suka haɗu a layi ɗaya, suna da albashi a ƙarshen wata da 'yan sa'o'i na hutu bayan an busa jiniyar tashi. Irin wannan taro shi ne kasuwar silima da mujalla da rediyo. Ibo ya zo da nasa dodon na lokacin Kirsimeti, Bayarabe ya zo da labarin Egungun, Bahaushe ya zo da tashe.

1936 zuwa 1968: yadda Amurka ta ɗinka rigar

A can kuwa, a 1936 Lee Falk ya ƙirƙiro Phantom a shafukan jarida, mai ɗamammun kaya da abin rufe ido. A 1938 wasu samari biyu 'yan Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka fitar da Superman a mujallar Action Comics ta farko. Shigar da muke wa dariya yau tana da asali: haka ƙartin da ke yawo gari-gari suna ɗaga ƙarfe don a kalla suke shiga, matsattsen wando da gajere a kai. Mai karatu na 1938 da ya ga kamfan nan ya san ana nufin mai ƙarfi. Sana'ar ƙartin ta mutu, kamfai ya rage ba mai bayaninsa. Akwai kuma dalilin ɗab'i, domin injin buga mujalla mai araha ya fi iya fitar da ja da shuɗi da rawaya, kuma jiki mai ɗamammun kaya ya fi sauƙin zanawa da sauri fiye da kwat mai ninki. Samarin nan sun sayar da haƙƙin Superman a kan dala 130. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: sai a 1975, bayan sun tsufa cikin rashi, kamfanin ya yarda ya riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara ya kuma mayar da sunansu kan aikin. Batman ya zo a 1939 daga hannun Bob Kane da Bill Finger, Captain America da Wonder Woman a 1941, lokacin da yaƙi ya sa ake neman gwarzo ko na takarda ne.

A zane, rigar ba ta tattarewa, ba ta jiƙewa da gumi. Matsala ta fara ranar da aka ce ɗan Adam ya shiga cikinta. George Reeves ya yi Superman a talabijin daga 1952 zuwa 1958, kuma sananne ne cewa bai ɗauki aikin da daraja ba, ga shi ya hana shi samun wasu ayyukan, har ya mutu a 1959. Ana ba da labarin wai wani yaro ya taɓa nuna masa bindigar gaske don ya gwada ko harsashi na huda Superman, shi kuma ya lallashe shi da cewa harsashin zai yi tsalle ya sami wani. Wannan faɗe ne, ba a tabbatar da shi ba. Amma ko ƙirƙira ce, ta nuna inda haɗarin yake, wato mai kallon da bai san wasa ake ba.

A 1966 aka juya akalar gaba ɗaya. Adam West ya fito a Batman na talabijin har zuwa 1968, kashi 120, kuma dabarar ita ce ya riƙa faɗin maganar wauta da fuskar liman. A fim ɗin da suka yi a 1966, Batman na rataye a tsanin igiya ƙarƙashin jirgi mai saukar ungulu, kifin shak na roba ya kama masa ƙafa, ya sa a miƙo masa maganin feshi na korar shak, wanda dama yana ajiye cikin jirgin. Yara suka ɗauka da gaske, iyaye suna dariya a bayansu. West ya gane abin da yaron tashe ya sani, sai dai shi ma rigar ta manne masa, ya yi shekaru yana neman wani aikin.

1962 zuwa 1985: Kaduna ta ba da tata amsar

A 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna, shekara uku bayan na Ibadan. Unguwar Television da ke kudancin kogi, ana cewa daga turken watsa shirye-shiryen da aka kafa a wajen ta samo sunanta. Daga wannan gida ne wasan kwaikwayon Hausa na zamani ya yi fiffike, da irin su Yusuf Ladan mai Zaman Duniya Iyawa Ne da Ƙasimu Yero na Karambana.

A lokacin jaruman takarda ma sun iso. Daga 1968 zuwa 1972 mujallar African Film, ta kamfanin Drum, ta riƙa kawo Lance Spearman cikin hotuna, ɗan gaye mai kwat da malafa da sigari, mai naushin miyagu. Fuskarsa a buɗe take, kuma ya karɓu. A 1975 aka fito da Powerman, baƙar fata mai ɗamammun kaya da aka shirya musamman don kasuwar Nijeriya, wanda babu abin da ke kada shi sai saran maciji. Turawan Ingila biyu ne ke zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland, kuma an umarce su su riƙa sa lamba a kowane hoto, wai kada mai karatu ya ɓata. Bai wuce 'yan shekaru ba. Abin mamaki, Gibbons ɗin nan shi ne ya zana Watchmen na Alan Moore a 1986, littafin da ya tambayi ko lafiyar ƙalau ce ke sa babban mutum ya rufe fuska ya fita dukan mutane da dare. A kan jarumin Nijeriya ya ƙware da zanen rigar kafin ya koma ya kwance ɗinkinta.

Amma wanda ya ɗauki hankalin Kaduna ba shi da alkyabba, kaki gare shi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar soja daga kimanin mutum 10,000 zuwa kusan 250,000. Kaduna garin soja ne tun asali, ga makarantar NDA tun 1964, ga barikin Kalapanzin a Kakuri, mai ɗauke da sunan wani kwari a ƙasar Boma inda sojojinmu suka yi yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. Kowace unguwa na da tsohon soja mai ba da labarin fagen fama, kowace kasuwa ta san yadda sabon kurtu ke tafiya in ya sa takalmi. Kuma soja ne ke mulkin ƙasa. Idan akwai rigar da ke mai da talaka mai iko nan take, har a ba shi hanya a daina yi masa musu, to kaki ce.

Cikin wannan yanayi Usman Baba Pategi ya fito da Samanja Mazan Fama. Banufe ne daga gidan sarautar Pategi, ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, ya shiga soja a shekarun 1960, ya bar ta a 1985 ya koma ga wasan kwaikwayo ɗungurungum. Ana faɗa cewa yana cikin masu haƙƙin gadon sarautar garinsu amma ya zaɓi wasa. Samanja a bariki shi ne mutumin da ke tsakanin hafsa da kurata: kaki ya sha sitaci har yana iya tsayuwa da kansa, sanda a hammata, murya kamar aradu. Pategi ya ɗauki wannan mutum ya sa masa harshen bariki, Hausa da Turancin buroka a cakuɗe, ya bar shi yana tsawa yana ba da oda yana cika baki, sannan ya nuna shi a gida da cikin gari, inda oda ba ta ci kuma rayuwa ba ta yin fareti.

Abin da ya bambanta shi da George Reeves, a ganina, shi ne bai taɓa jin rigar ta ƙasƙantar da shi ba, domin tasa ce, ya yi gumi a cikinta da gaske kafin ya sa ta don wasa. Abin da ya bambanta shi da Adam West kuma shi ne wanda yake kwaikwaya na nan zaune a bariki da bindiga, yana kallon shirin. Babu attajiri mai shigar jemage da zai aiko a kama West. Pategi ya yi wa kaki dariya a zamanin da mai kaki ke sa mutum tsallen kwaɗo a bakin titi, kuma sojojin kansu suna cikin manyan masoyansa. Dariyar ba ta cin mutunci ba ce. Samanja na da kirki, yana son horo da tsari, wautarsa kawai ita ce ya ɗauka duniya duka bariki ce. Farar hula ya sami damar yi wa abin da yake tsoro dariya, soja kuma ya ga kansa a madubi bai fusata ba. Mutane da yawa har ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba 2023 ba su san sunansa na yanka ba.

1978 zuwa 2008: masu ɗaure fuska da masu sakinta

Amurka ta gaji da dariyar West, ta koma neman a ɗauki abin da gaske. Christopher Reeve a 1978 ya yi Superman da natsuwar da ta sa aka manta da kamfai na tsawon sa'o'i biyu, kuma gwanintarsa ta fi fitowa a wajen Clark Kent, wato Superman cikin kayan gida, inda yake sauya mutum da ranƙwafar kafaɗa da tabarau kawai. A 1989 aka ba Michael Keaton Batman. Saboda an san shi da barkwanci, masoya suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi, an ce sun kai 50,000. Aka ɗinka masa baƙar riga ta roba wadda hular da wuyan suke haɗe, ba ya iya waiwaye, in zai dubi gefe sai ya juya jiki duka. Ya faɗa daga baya cewa shi mai tsoron matsatsi ne, kuma ƙuncin da ya ji a ciki ya yi amfani da shi wajen fito da halin mutumin. Juyin nan da 'yan kallo suka ɗauka kwarjini ne, tela ne ya jawo shi. Sai a 2008, a fim ɗin The Dark Knight, aka raba hular da wuya. Christian Bale, wanda ya sa rigar a fim ɗin, da aka tambaye shi shawarar da ya ba magajinsa Ben Affleck, cewa ya yi ya tabbatar rigar na barinsa ya yi fitsari ba tare da an taimaka masa ba. George Clooney kuwa ya shafe shekaru yana ba da haƙuri kan nasa Batman na 1997. Keaton ya dawo a 2014 da Birdman, labarin tsohon ɗan wasan da rigar tsuntsu ta hana shi sakat, fim ɗin ya ci babbar kyautar Oscar.

A silimun Arewa duk wannan bai kai Indiya da Caina tasiri ba. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori ke shigo da finafinan Indiya, kuma 'yan kallo suka yi wa taurarin abin da suka saba yi wa gwarzo, wato suka ba su kirari: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Bruce Lee ma riga yake tuɓewa in faɗa ya yi faɗa. Masu rufe fuskar da suka shiga zukatan yaran Barnawa da Nasarawa a shekarun 1980 ta talabijin suka zo, irin su ɗan kokawar nan na Meziko, Mil Mascaras, da katun ɗin Voltron. Yaro zai zari zanen uwarsa daga igiyar shanya, ya ƙulla a wuya, ya hau katanga ya diro, in an yi sa'a a tsaya ga targaɗe, in ba a yi ba sai gidan mai ɗori.

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara da Turmin Danya a Kano a 1990. A cikin dubban finafinan da suka biyo baya, jarumi mai ɗamammun kaya da aka ɗauka da gaske bai samu gindin zama ba. Kuɗi na ciki, domin tashi sama a fim na cin abin da kasuwar kaset ba ta iya biya. Kunya na ciki, ba kowane magidanci zai yarda ya fito da kayan da suka bayyana surarsa surukansa na kallo ba, ga hukumar tace finafinai ta Kano tun 2001. Akwai kuma tambayar da mai kallo zai yi: wannan ƙarfi daga ina? In daga aljanu ne, to boka ne, kuma boka mugu ne a fim. In daga addu'a ne, to malami ne, kuma malami ba ya tsalle a kan rufin kwano. Saboda haka kayan aro suka faɗa hannun 'yan barkwanci. Rabilu Musa Ibro, wanda shi ma ya sa kakin gandiroba kafin ya shiga fim, ya mai da abin sana'a: Ibro Usama, Ibro Saddam, Ibro Awilo. Duk wanda duniya ke tsoro ko take yayi, sai Ibro ya ari kamanninsa da gemun da kowa ke ganin na liƙi ne. Tashe ne aka ɗauka a kyamara. Bai tsira daga hukuma ba, a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi kan fim ɗin Ibro Aloko. Ya rasu a Disamba 2014.

2000 zuwa yau

Rikicin shari'a na 2000 da wani rikicin na 2002 sun mai da kogin Kaduna iyaka. Musulmi da yawa suka ƙaura arewa, Kiristoci suka gangaro kudu, ko da yake Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa sun riƙe cakuɗarsu gwargwado. A 2002 KTL ta rufe, UNTL ta tsaya a 2007. Unguwannin da suka saƙa wa Afirka ta Yamma atamfa suka koma sayen gwanjo, kuma a cikin dilar gwanjon nan ne, a Kasuwar Monday ta Kakuri da kasuwar Sabon Tasha, rigunan Spider-Man masu ƙirjin soso ke fitowa, waɗanda yaran Turai suka gama da su. Ana sa wa yaro ranar bikin makaranta ko Kirsimeti ko yawon Sallah, zafi ya ishe shi kafin azahar ya tura fuskar sama kamar hula.

A Legas an ci gaba da gwadawa: Captain Africa a 1987, bikin Lagos Comic Con tun 2012, kamfanin Comic Republic da jaruminsa Guardian Prime tun 2013. Black Panther na 2018 ya cika silimu, kuma abin da aka fi magana a kai shi ne tufafin mutanen Wakanda, ba baƙar rigar jarumin fim ɗin, Chadwick Boseman, ba. A Kannywood, wanda ya fi kusantar abin shi ne Adam A. Zango, haifaffen Zangon Kataf mazaunin Kaduna, da fim ɗinsa Gwaska da ci gabansa Gwaska Return. Ya rufe fuska, ya yi ado, ya yi faɗa. Amma da aka tashi ba mai rufe fuskar sana'a a cikin labarin, sata aka ba shi. Tsohon hukuncin Bahaushe bai motsa ba.

Sai dai a 'yan shekarun nan kayan aro sun sami masu sa su da ba wasa suke ba. Hanyar Abuja da ke fita ta Gonin Gora ta ga masu garkuwa da mutane, kuma waɗanda suka kuɓuta sun sha ba da labarin cewa da kakin soja aka tare su. A Kano 'yan sanda sun sha dakatar da tashe saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya na fakewa da shi. A 2022 Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, wanda shi ma sunansa Usman Baba, ya gargaɗi masu shirya fim da 'yan barkwancin intanet cewa duk wanda ya sa kakin ɗan sanda ba da izini ba za a kama shi, dokar kuma dama tana nan a kundin hukunta laifuffuka. Saurayin Sabon Tasha da ke son ya gaji Samanja a TikTok, in kakin ɗan sanda zai sa, sai ya fara da rubuta takardar neman izini.